Yadda Aka Share Lambun Mama Saratu

Tun da na dawo daga Kafanchan 'yan layinmu na masu kayan yaji suka hana ni sakat. Kowa ya zo sayen kanumfari sai ya ja benci ya zauna, wai in ba shi labari. Na gaji da maimaitawa, ga shi kuma labarin ya fara 'ya'ya a bakin mutane, don jiya na ji ana cewa wai har sarauta aka naɗa ni a can. To ga shi daga bakin mai shi. Wanda ya ƙara gishiri bayan wannan, shi da Allah.

Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, tun ina yaro yake sayen ganyen shayi da na miya daga gida guda a wani ƙauye kusa da Kafanchan. Kayan na zuwa Kano ta jirgin ƙasa a hannun wani gadin jirgin: citta, kurkur, na'a-na'a, ciyawar shayi, da wata ɗaɗɗoya wadda ita ce ta riƙe rumfarmu. Ganyenta ƙanana ne, amma in aka kwance buhunta har mai rumfar ƙarshen layi sai ya ɗaga hanci. Matan birni ita suke aikowa a saya wa masu jego, kuma ba sa karɓar wata. Da tsohon ya rasu, mutanen gidan suka aiko da ta'aziyya har da kwandon citta, alhali ba mu taɓa ganin fuskar juna ba. Na ga bai dace a bar zumunci irin wannan a hannun gadin jirgi ba. A shekarar da gwamnati ta kwashe yara kaf ta zuba a firamare, damina ta zauna sosai, na ce zan je in yi godiya, in kuma ga lambun da muke ci daga gare shi.

Da labarin tafiyar ya bazu, sai ga masana ƙasar sun fito daga ko'ina. Mutanen da ba su taɓa wuce Zariya ba suka zauna suna kwatanta mini abin da zan tarar. Wannan ya ce kada in ci nama, wancan ya ce kada in sha ruwa, wani ya ce in na ga dutse mai kama da mutum kada in gaishe shi. Matata ta cika mini jaka da ƙuli-ƙuli da dambun nama kamar mai tafiya yaƙi. Na naɗe buhunan da babu komai a ciki, na ɗauki butata, na nufi tasha.

Jirgin ya zo a makare, ya kuma tashi a makare, amma babu wanda ya yi ƙorafi, don wanda ya saba da jirgi ya san agogon tasha ado ne. A Kaduna muka sauya zuwa wanda ke yin kudu. Na samu wuri tsakanin wani soja mai barci da baki buɗe da wata mata mai kwandon kaji, wadda ta ɗora mini shi a cinya ba tare da ta tambayi sunana ba. Ta taga na fara ganin matan Gwari da kaya a kafaɗa maimakon ka. Na tambayi wani tsohon ma'aikacin reluwe da ke gabana, ya ce su a wurinsu kai ya riga ya ɗauki tunani, bai kamata a ƙara masa itace ba. Na tuna 'yan dakon kasuwarmu da ke ɗaukar buhun gero a ka, na ce lallai wannan ya bayyana abubuwa da yawa.

Kafanchan gari ne da jirgi ya haifa. Duk inda ka juya reluwe ne, kowa baƙo ne kuma kowa ɗan gari ne. Hausa ake yi, amma kowa da inda ya lanƙwasa ta, kuma ba ruwanta da mace ko namiji, uwarka ma "ya zo" za a ce. Na sauka a gidan wani Alhaji Ɗanjuma, fatoman 'yan citta, wato mai masaukinsu, wanda kakansa ne ya fara zuwa garin. Ya dubi jakar guzurina ya yi dariya har da tari, ya sa aka kawo mini faten acca da yakuwa da gauta. Na sa hannu da bismilla da tsoro, na tashi da neman ƙari. Ƙuli-ƙulin nan yaran gidan ne suka ga bayansa. Da safe kuwa ladan ya kira, ƙararrawar coci ta amsa, jirgi ya yi kuka a kansu duka, ba wanda ya jira wani. Ruwa kuma ba ya neman izini a ƙasar, in ya sauko sai ya ga dama.

Motar katako na hau zuwa ƙauyen. A hanya muka tarar da shinge, gungumen itace a kan durom biyu, da wani mai kaki wanda aikinsa duba amfanin gona. Ya taka motar ya zazzage buhunana ɗaya bayan ɗaya, ya ga wayam, sai ransa ya ɓaci. Ya ce buhu ba ya tafiya haka kawai, in gaya masa inda na kai abin da ke ciki. Na rantse sababbi ne. Ya ce wannan ma abin tuhuma ne. Sai da goro ya shiga tsakani sannan aka janye gungumen.

Muna isa ƙauyen na ga abin da ya sa na gyara zaman hulata. An shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, an kafa ganyen kwakwa, yara sun jeru cikin rana har inda ido ya tsaya, ga ganguna. Ina saukowa da babbar rigata suka ɓarke da waƙar maraba. Wallahi na ji daɗi, har na fara ɗaga hannu. Sai wani siriri mai tabarau da kwat ya rugo, ya dube ni, ya dubi buhunan, ya juya ya yi wa yaran tsawa su yi shiru. Ba ni ake jira ba.

Shi ne Malam Yohanna, hedimastan makarantar garin, ɗan gidan da na zo gani. Da na faɗi sunan mahaifina ya riƙe hannuna da hannu biyu, amma idonsa ja ne, gumi na tsattsafo masa duk da sanyin gari. Ya ce wani babba ne zai zo daga Kaduna ganin gonakin da suka ci gaba, shi kuma ya yi ƙoƙari aka sa lambun gidansu a cikin waɗanda za a ziyarta. Uwarsa Mama Saratu, mai lambun, ta tafi taron zumuntar mata na coci, yau ake sa ran dawowarta. Na ce to a kai ni in ga lambun kafin baƙi su cika wurin. Sai ya nuna wani fili a bayan gida.

Fili ne fetal, jar ƙasa a share tas, har da sawun tsintsiya. Ko filin idi ba a yi masa wannan gyara. A gefe toka na hayaƙi.

Abin da ya faru, kamar yadda ya gaya mini yana share tabarau da gefen kwat, shi ne ya bar wa malamansa umarni a sa yara su gyara hanyar shiga lambu, shi kuma ya tafi gari aron kujeru. Malaman sababbi ne, irin waɗanda aka horar da gaggawa aka turo daga wasu garuruwa, ba su san lambun ba. Shi kuwa lambun ba a jere yake ba kamar na makaranta. Tun zamanin kakansu a cakuɗe ake shuka shi, wannan ganye na yi wa wancan inuwa, warin wani na korar ƙwarin wani, ba a zuba masa komai sai kashin awaki da toka da ruɓaɓɓen ganye. Ga idon baƙo daji ne sosai. Sai wani malami mai hikima ya ce ajin da ya fi tara tulin ciyawa shi zai tsaya a gaba ranar baƙo. Yara kuwa ga su kamar fara, kowa da langalanga da fartanya. Kafin hedimasta ya dawo da kujeru an tumɓuke komai har saiwa, an kuma cinna wa tulin wuta bayan an auna. Aji uku ne suka ci gasar. Garin neman gira aka rasa ido.

Babban baƙo ya iso bayan la'asar, lokacin da yara biyu suka riga suka suma. Ya sauko daga jif ya tsaya a bakin filin, hannu a baya, ya daɗe yana kallo. Ni na ɗauka zai tambayi inda gonar take. Sai ya juya ya ce a duk zagayen da ya yi bai ga gona mai tsabta irin wannan ba, wannan shi ake kira noman zamani, sauran manoma su zo su yi koyi. Aka tafa. Ya sa aka sauke buhu biyu na takin zamani kyauta, aka ɗauki hoto, ya sha lemo ya tafi. Ƙurar motarsa ba ta kwanta ba Mama Saratu ta sauko daga motar zumunta, da zanen taro da littafin waƙa a hannu.

Gajeriyar tsohuwa ce, ƙafafunta kamar na ɗan dako. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi zagi ba, da ta yi ɗaya daga ciki da hedimasta ya samu sauƙi. Ta tuɓe takalmi ta shiga filin tana tona ƙasa da yatsan ƙafa. Ta ce citta da kurkur na ƙasa, za su tofo. Zogale ba ya mutuwa. Ciyawar shayi da na'a-na'a akwai a maƙwabta. Da ta kai wani lungu kusa da rafi ta durƙusa ta tona da hannu, ta tona, ta tona, ba ta samu ko silin saiwa ba. Nan ɗaɗɗoyar take. A nan na ji tarihinta. Kakan mijinta ne ya sauko da ita daga kan dutse lokacin da mutanensu suka dawo zama a ƙasa. Ba ta yin iri, sai dai a tsaga tushenta a dasa. Surukarta ce ta danƙa mata, ita kuma ta riƙe har yau. Tausayinta ya kama ni ƙwarai, kuma ba zan ɓoye ba, tausayin rumfata ma ya kama ni.

Ta miƙe ta dubi buhunan takin, ta ce wa ɗanta ya kai su makaranta ya zuba wa malamansa ko za su yi hankali. Sannan ta juyo gare ni, ta yi mini gaisuwar mahaifina kamar ba abin da ya faru.

"Ɗana, ka zo da buhu," in ji ta. "Gobe za ka raka ni."

Ashe gidan na da al'ada. Duk 'yar da za ta yi aure, uwa kan tsaga mata tushen ɗaɗɗoya ta tafi da shi gidan miji. Mu a gida gado da jeren kwano muke kai wa amarya, su ganye, kuma da na yi tunani na ga nasu ya fi namu wuyar sayarwa ranar da miji ya karye. Saboda haka tushen na nan a gidajen 'ya'yanta mata, sai dai a je a karɓo. Amma karɓar ma da ƙa'ida. Ba a saye, ba a aike. Mai so zai taka da ƙafarsa, ya ci abincin gidan, ya buɗe baki ya roƙa, sannan mai bayarwa ta biyo shi ta dasa na farko da hannunta.

Muka fara da Zonkwa, wurin babbar 'yar, Rifkatu, matar fasto. Gida tsaf, an yi mana addu'a kafin ruwa, an yi kafin abinci, an yi bayan abinci. Ni ma aka ba ni tabarma da alƙibla, fasto da kansa ya nuna mini gabas, kuma daidai ya nuna. Da Mama ta yi roƙonta sai Rifkatu ta fara duban ƙasa. Wai dattawan majami'a ne suka ce ganyen na kama da kayan bokaye, bai dace da gidan mai bishara ba, sai aka cire aka shuka furanni irin na gidan Turawan mishan. Aka fito da mu aka nuna mana su, ja da rawaya, gwanin kyau. Mama ta tsinki ɗaya ta shinshina, ta tambayi 'yarta ko da wane irin tuwo ake cin wannan.

Washegari sai Godogodo, wurin Ladi. Motar ta maƙale a taɓo, aka ce maza su sauka su tura, babbar rigata ta koma launin hanya. Mijin Ladi mutum ne mai fara'a da son ci gaba, rediyo a rataye a wuyansa ko'ina ya nufa. Ya ce ai shi ba wanda ya kai shi ƙaunar ganyen surukarsa. Saboda ƙaunar ce ma da aka raba takin zamani bara, bai kai gonar dawa ba sai da ya fara auna wa ɗaɗɗoyar kwano guda cur, ya juye mata a gindi. Kwana kaɗan ta ƙone ƙurmus. Har yanzu yana mamaki, yana ganin ƙila kwanon ne bai cika ba. Mama ta ci abincinsa tana tauna kowace loma kamar da shi take yi.

Da za mu tafi, Ladi ta rako mu bakin hanya, ta ce a hankali, "Mama, saura Hannatu." Tsohuwar ta yi kamar kukan tsuntsu ta ji. Mijin Ladi ne ya ja ni gefe ya warware mini. Hannatu ce autar, tana nan cikin Kafanchan a kwatas ɗin reluwe. Ta auri wani mai gyaran injin jirgi, Mista Bitrus, mutumin kirki, sai dai ɗan cocin fada ne, masu limamin da ba ya aure, su kuwa gidan Mama 'yan mishan ne. Ni da nake ganin coci duk coci ne sai na tambayi bambancin. Ya ce waɗancan suna durƙusa wa gumaka kuma ba su hana burkutu ba, in ji waɗannan, waɗannan kuma sababbin shiga ne masu tsaurin ido, in ji waɗancan. Na so in yi dariya, sai na tuna masallacin unguwarmu da aka raba biyu a kan mai kama hannu a salla da mai saki, har ƙanin babana ya daina amsa sallamar surukinsa. Na haɗiye dariyata.

A lokacin auren Mama ta rantse a gaban matan zumunta ba za ta taɓa sa hannu a abincin gidan ba, kuma ta hana 'yar tata tushen ɗaɗɗoya. Hannatu kuwa, ranar da za ta tafi, da rana tsaka, uwar na tsaye tana kallo, ta shiga lambu ta tsagi rabonta ta sa a kwano ta wuce. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tun daga ranar ba su haɗa ido ba, har 'ya'yan Hannatu sun isa shiga makaranta. Wani abin kuma, an yi wa Mista Bitrus canjin wurin aiki zuwa can gabas, ƙarshen wata za su tashi.

Tsohuwar ta fara neman hanyar zagaye. Ta ce ai ni baƙo ne, al'ada ba ta hau kaina ba, in je in karɓo a matsayin ɗan kasuwa. Na je. A bayan gidan kwatas, tsakanin igiyar shanya da kejin kaji, ga rabin durom-durom a jere, ɗaɗɗoya ta cika su ta tumbatsa, ƙamshin ya tare ni tun daga bakin layi. Hannatu ta fito tana goge hannu, fuskar uwarta sak, har da yadda take ɗaga haɓa. Na yi duk fasahar kasuwar da na gada, na yabi ganye, na yabi mai ganye, na ce a yi ciniki. Ta ce busasshe ko buhu nawa nake so ta ba ni kyauta saboda mahaifina, amma mai saiwa ko sili ba zai fita ba. Ta ce ita kaɗai ta san yadda ta raya shi, da kashin awakin da take roƙa a maƙwabta, mata na yi mata dariya wai matar ma'aikaci na yawo da kwandon kashi.

"Ka gaya wa Mama tukunya yana kan wuta," in ji ta. "Hanya bai canja ba."

Na kai saƙo. Mama ta ce in koma in ce tana ciwon ciki, likita ya hana ta cin abincin waje. Hannatu ta ce za ta dama kunu. Mama ta ce tana azumi. Hannatu ta ce rana na faɗuwa a kwatas ma. Na yi ta kai-kawo a motar katako har mai kakin shinge ya daina zazzage buhunana, ya koma tambayata yaya jikin tsohuwa. Daga ƙarshe Mama ta je wurin fastonsu a kan maganar rantsuwar, tana fatan ya ce ba ta karyuwa. Shi kuwa ya buɗe Littafi ya ce tun farko ma an hana mai bi yin rantsuwa, saboda haka zunubin na wurin yin ta, ba wurin karya ta ba. Ta fito tana cewa fastocin yanzu ba su da ƙashin baya.

Ranar da ta shirya, ba ta gaya wa kowa ba. Na ga dai ta ɗaura zanen zumunta, ta ce in ɗauko buhu. Da muka shiga layin kwatas mata suka leƙo ta tagogi, don labari ya riga mu. Mista Bitrus, ƙato mai hannu kamar faranti, ya rasa inda zai sa kansa. Ya durƙusa har ƙasa, ya tashi ya tsaya a jikin bango yana ƙoƙarin rufe wani hoto da faɗin bayansa, ƙafarsa kuma na tura wata kwalba ƙarƙashin kujera. Mama ta gani, ni ma na gani, kowa ya yi kamar bai gani ba. Yara suka jeru suna kallon kakar da suke ji a labari.

Hannatu ta kawo fate ta ajiye, ta koma bakin ƙofa ta harɗe hannu. Ba gaisuwa. Tsohuwar ta daɗe tana duban kwanon, har na fara jin tsoron za ta tashi. Sai ta rufe ido ta yi addu'a doguwa, wadda rabinta da Ubangiji take, rabi da mutanen ɗakin. Ta wanke hannu ta ci. Ta ci loma ta biyu, ta uku. Ta ce gishiri ya yi yawa. Hannatu ta ce haka aka koya mata.

Mama ta ture kwanon, ta dubi 'yarta ido cikin ido.

"Hannatu, na zo roƙo. Lambun kakanninki ya mutu a hannuna. Ki ba ni tushe."

Na sha ganin manyan 'yan kasuwa sun karye suna neman rufin asiri, amma ban taɓa ganin roƙon da ya yi wa mai shi tsada kamar wannan ba. Hannatu ta juya da sauri ta fita baya, muka ji ƙarar durom. Ba tsaga ta yi ba, gaba ɗaya ta juye, ta bar wa kanta guda ɗaya tak na tafiya. Mista Bitrus ya kama bakin buhu yana sharar hanci da kafaɗa.

Washegari da sassafe, bayan ruwa ya ɗauke, aka taru a lungun rafi. Rifkatu ta zo daga Zonkwa, Ladi da mai rediyo daga Godogodo, hedimasta ya tuɓe kwat ya yi ta jigilar kashin awaki da kwando a gaban ɗalibansa, ba wanda ya sa shi. Hannatu ta shigo gidan ubanta ta ƙofar da ta fita, ta durƙusa ta dasa na farko kamar yadda al'ada ta ce, ta ci gaba har ta kai ƙarshen kunya guda. Sannan kowa ya kama tasa, har ni aka ba ni fartanya.

Da muka gama Mama ta bi bayanmu. Ta tumɓuke na Rifkatu ta sake dasawa, wai ya yi zurfi. Na Ladi ya matsu da yawa. Na hedimasta ko magana ba ta yi ba, ta dai cire. Nawa ta ce an ga hannun mai awo da mudu. Sai ta iso kunyar Hannatu, wadda ta fi ta kowa muni, don mai dasa a durom ta manta da kunya, layin ya karkace kamar sawun maciji. Ta tsaya a kai. Hedimasta, don neman shiri, ya sunkuya zai miƙe mata shi, sai ta buge masa hannu da ƙotar fartanya.

"Bar shi haka," in ji ta. "Mai shi zai tafi nesa. In na yi kewa, ina so in san inda zan zo in tsaya."